Marguerite da Autanta: Tarihin Uwar Lee Harvey Oswald

Ƙarfe 12:30 na rana agogon birnin Dallas ya nuna sa'ad da aka buɗe wa motar Shugaba John Kennedy wuta, ranar Juma'a 22 ga Nuwamba, 1963. A nan Zariya ƙarfe 7:30 ne na dare, wajen lisha, sanyin hunturu ya soma shigowa. Dattawanmu na Dutsen Abba, waɗanda a lokacin samari ne masu shiga Tudun Wada neman na kansu, har yau in hira ta biyo ta kan rediyon da sukan tuna da wannan dare. Sunan Kennedy ba baƙo ba ne a Arewa. A watan Yulin 1961 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai masa ziyara a Washington, kuma Kennedy ne ya kafa shirin Peace Corps da ya turo matasan Amurka koyarwa a makarantunmu.

Mu ma daga baya mun ɗanɗani irin wannan Juma'a. An kashe Janar Murtala Muhammad a cikin motarsa a Legas ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, a yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka. An kashe Ibrahim Ba'are Mainasara a Yamai ranar Juma'a 9 ga Afrilu, 1999, kuma dogaransa ne suka harbe shi. Sai dai waɗannan labarai ne na bariki da neman mulki. Wanda aka kama a Dallas lebura ne ɗan shekara 24 mai ɗaukar kwalayen littattafai a wani sito, kuma kwana biyu da kama shi aka harbe shi tun bai tsaya gaban alƙali ba. Da masu bincike suka rasa bakinsa, sai suka koma gidan da ya fito. Suka kira yayyensa, da matarsa, da 'yar'uwar mahaifiyarsa, da maƙwabta, da malaman makaranta, suka tara shaida har kundi 26. Ta haka duniya ta san Marguerite Oswald, sani irin wanda ba kasafai ake yi wa uwar talaka ba.

An haife ta a New Orleans ranar 19 ga Yuli, 1907, sunanta na gida Marguerite Claverie. Ubanta kwandastan taragon cikin gari ne, uwarta kuwa ta rasu tun tana 'yar ƙanƙanuwa. Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe shi, domin matar da za a zarga da rashin iya riƙon ɗa ita kanta ba ta tashi a gaban uwa ba. Aurenta na fari da Edward Pic bai yi ƙarko ba, sun rabu da ɗa ɗaya, John, wanda aka haifa a 1932. A 1933 ta auri Robert Oswald, mai karɓar kuɗin inshora gida-gida, suka haifi Robert ƙarami a 1934. Shekarun nan shida su ne na kwanciyar hankalinta. Ranar 19 ga Agusta, 1939, ciwon zuciya ya ɗauke mijin farat ɗaya, ya bar ta da cikin wata bakwai. Ranar 18 ga Oktoba ta haifi namiji, aka sa masa Lee Harvey.

A wajenmu, macen da ta haihu cikin takaba ba a barin ta ita kaɗai. Ko gidan ba shi da komai, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai kawun da zai ce a ba shi babban yaron ya riƙe. Riƙo yana da nasa aibi, duk mun san marayun da suka sha wuya a hannun dangi, amma dai akwai hannuwa da yawa a kan yaro. Marguerite tana da wata yaya, Lillian Murret, wadda ta riƙe mata Lee na wani lokaci, ban da ita kuwa babu wani tsayayye. Dangin mijin sun yi nisa da ita. Ta buɗe ɗan kantin zare da allura a cikin gida, bai yi albarka ba. A Janairun 1942 ta kai John da Robert gidan marayu na Bethlehem, na cocin Lutheran. Shi Lee an ce ya yi ƙanƙanta, sai da ya cika shekara uku, sannan ta kai shi ranar 26 ga Disamba, 1942, kashegarin Kirsimeti. Ya yi wata 13 a can.

Aurenta na uku a 1945 da wani injiniyan lantarki, Edwin Ekdahl, shi ne karo ɗaya tak da Lee ya sami wanda zai kalla a matsayin uba. Yayyensa sun shaida cewa ya shaƙu da mutumin ƙwarai, kuma duk sa'ad da ma'auratan suka ɓata suka shirya, murnarsa ba ta ɓoyuwa. Auren ya mutu a kotu a Yunin 1948. Ita ce ta kama mijin da wata mace, amma shi ya shigar da ƙara yana cewa tana yi masa masifa ba dare ba rana, tana jifarsa da kaya, tana yakushinsa, kuma shi kotu ta ba gaskiya. Ta fita da dala 1,500 da wani tabo da bai taɓa warkewa ba: daga nan har ta mutu, ta yi imani duniya ta haɗa kai ne don ta cuce ta.

Daga wannan lokaci zancen gidan ya koma kuɗi. John ya gaya wa masu bincike cewa kullum maganarta ke nan, babu, babu, alhali a ganinsa ba su kai talaucin da take faɗa ba. Ta cire shi daga makaranta yana ɗan shekara 16, ya kama aiki a kanti, cikin dala 25 da yake samu a mako yana miƙa mata 15. Da ya sami hanya a 1950 ya shiga rundunar masu gadin gaɓar teku. Robert ya bi sahu a 1952, ya shiga sojan Marine. Aka bar auta da uwarsa.

Hausawa sun san shagwaɓar auta, amma abin da ke tsakanin waɗannan biyu ya wuce shagwaɓa, kuma bai kai kulawa ba. Ta hana shi yawo da yaran unguwa, ta ce in an tashi makaranta ya wuce gida kai tsaye. Gidan kuwa babu kowa, domin tana wajen aiki tun safe har dare, yau kantin safa, gobe sayar da inshora, jibi an sallame ta ta nemi wani. Yaro ya buɗe ƙofa da makullinsa, ya ci abin da ya samu, ya zauna shi kaɗai. Da dare kuma gado ɗaya suke kwana, har ya haura shekara goma, in ji John. In ya yi faɗa a waje, ɗan wasu ne mai laifi. In malami ya kawo ƙara, malamin ne bai fahimce shi ba. Kafin ya cika shekara 17 sun sauya gida fiye da sau 20, ya zauna a makarantu 12. Duk inda ya fara sabo da wani, sai a ɗaure kaya.

A watan Agustan 1952 ta ɗauke shi suka tafi New York, suka sauka a gidan John da amaryarsa. Zaman bai yi daɗi ba. Wata rana a kan talabijin Lee ya zaro 'yar wuƙar aljihu ya nuna wa matar yayansa, ya kuma kai wa uwarsa duka da ta yi magana. Aka ce su bar gidan. Suka kama ɗaki a unguwar Bronx, inda yara suka riƙa yi masa dariyar harshensa na mutanen kudu da irin tufafinsa. Sai ya daina zuwa makaranta. A wata makaranta ɗaya kawai an lissafa masa fashin kwana 47. Yakan wuni a jirgin ƙarƙashin ƙasa daga wannan tasha zuwa waccan, ko ya tafi gidan zu ya tsaya kallon dabbobi, a can ma jami'in kama masu fashin makaranta ya same shi.

Nan ne, a ganina, tarihin ya kai mararraba. Daga 16 ga Afrilu zuwa 7 ga Mayu, 1953, kotun yara ta ajiye shi a wani gidan nazarin halayyar yara da ake kira Youth House. Likitan ƙwaƙwalwa na wurin, Dokta Renatus Hartogs, ya same shi yaro mai kaifin basira fiye da sa'o'insa, amma a ƙulle, mai zaman kaɗaici, mai mafarkin iko da cin galaba a kan mutane. Wata jami'ar jin daɗin jama'a, Evelyn Strickman, ta fi kowa samun bakinsa. Ya gaya mata cewa shi bai taɓa jin uwarsa ta damu da shi ba, yana ganin kansa kaya ne da aka ɗora mata take haƙuri da shi. Yaro ɗan shekara 13 ke nan yake faɗin haka game da matar da ba ta da wani zance sai irin wahalar da ta sha dominsa. Strickman ta zauna da uwar ita ma, ta rubuta cewa mace ce tsaf-tsaf, mai fara'a a fuska, amma mai taurin kai wadda kanta kawai take gani. Shawarar likita ita ce a nema wa yaron magani, ita ma uwar a nema mata masu ba ta shawara.

Marguerite ta ɗauki wannan cin mutunci. Ta ce ɗanta lafiyarsa ƙalau, fashin makaranta ne kawai mutanen New York suka mayar da shi babban laifi. Ta yi ta kauce wa jami'in da kotu ta ɗora a kansa, John Carro. Da ta ga alƙali yana shirin sa a kai yaron wani gidan gyaran hali, sai ta tattara kayanta a Janairun 1954 suka koma New Orleans, inda hannun kotun bai kai ba. Ina iya fahimtar zuciyarta. Wace uwa ce za ta so a ce ɗanta yana da taɓin hankali, a raba ta da shi? Mu ma nan sau nawa ake ɓoye yaro a ɗaki don gudun bakin mutane, a ce iska ce ko sammu, har abu ya gagara? Amma gaskiya ita ce sau ɗaya aka taɓa gano ciwon Lee da sunansa, aka miƙo hannu, kuma uwarsa ce ta janye shi.

A New York ɗin ne wata tsohuwa ta miƙa masa takardar neman a ceci Julius da Ethel Rosenberg, ma'auratan da aka zartar wa hukuncin kisa a Yunin 1953 bisa laifin leƙen asiri wa Tarayyar Sobiyet. Shi da kansa ya ce daga nan ya fara sha'awar gurguzu. A New Orleans ya riƙa aron littattafan Karl Marx a ɗakin karatu, yana kuma haddace littafin horon sojan Marine da Robert ya bar masa. Abubuwa biyu ne masu karo da juna, amma kowannensu ƙofa ce ta fita daga gida. Yana dab da cika shekara 16 ya rubuta wasiƙar ƙarya da sunan uwarsa ya bar makaranta, ita kuma ta yi masa takardar rantsuwar ƙarin shekaru don a ɗauke shi soja, aka gane aka ƙi. Ranar 24 ga Oktoba, 1956, kwana shida da cikarsa 17, ya shiga. Da aka tambayi John dalili, ya ce dalilin da ya fitar da shi da Robert ne ya fitar da Lee: su kuɓuta daga danniyar tsohuwarsu.

Ya yi aikin na'urar hangen jiragen sama a sansanin Atsugi na Japan, ya gurfana gaban kotun soja sau biyu, ya koyi Rashanci da kansa. Yadda ya bar soja kuwa ya nuna irin zaman da ke tsakaninsa da ita. A ƙarshen 1958 wani mazubin alewa ya faɗo mata a hanci a kantin da take aiki a Fort Worth, ta daina aiki, ta yi ta zuwa wajen likitoci. Lee ya kafa hujja da wannan, ya nemi a sallame shi kafin wa'adi don ya je ya riƙe mahaifiyarsa da ba ta da kowa. Ita ta tattaro takardun shaida ta aika. Aka sallame shi ranar 11 ga Satumba, 1959. Ya zo gida, ya yi kwana biyu zuwa uku, ya ba ta dala 100, ya ce zai je New Orleans neman aiki. Ranar 20 ga wata yana cikin jirgin ruwa zuwa Faransa. 'Yar wasiƙar da ya aika mata cewa take yi ra'ayinsa ya sha bamban da nata da na Robert, kuma bai faɗa mata shirinsa ba ne don ya san ba za ta gane ba.

A jarida ta ji sauran. Ya isa Mosko ranar 16 ga Oktoba. Da Rashawa suka ce ya koma gida, ya yanke jijiyar hannunsa a ɗakin otal. Ranar 31 ga wata ya shiga ofishin jakadancin Amurka ya ajiye fasfonsa a kan tebur, ya ce ya bar ƙasarsu. Ta nemi ta yi magana da shi ta waya, ya ƙi. A wasiƙarsa ta 26 ga Nuwamba zuwa ga Robert ya rubuta maganar da ko maƙiyi zai ji nauyinta: wai shi da uwarsu ba abin ƙauna ba ne a wurinsa, misali ne kawai na yadda ma'aikata ke rayuwa a Amurka. Da aka tura shi aiki masana'antar rediyo a Minsk ya haɗu da Marina Prusakova, wadda ya aura ranar 30 ga Afrilu, 1961, ya ce mata uwarsa ta mutu.

Ita kuwa wadda aka kashe da baki ba ta zauna ba. Fiye da shekara ba ta ji ɗuriyarsa ba, ta rubuta wa 'yan majalisa, ta rubuta wa ma'aikatar harkokin waje. A Janairun 1961, 'yan kwanaki bayan rantsar da Kennedy, ta hau jirgin ƙasa daga Texas har Washington, ta nemi a haɗa ta da fadar shugaban ƙasa, a ƙarshe jami'an ma'aikatar suka saurare ta ranar 26 ga wata. Wannan tafiya ta uwa ce, babu mai ƙwace mata ita. Sai dai a nan ne kuma ta fara faɗin abin da ta riƙe har kabari, wai ɗanta ɗan leƙen asirin gwamnati ne da aka tura Rasha aiki. Ya fi mata sauƙi ta yarda gwamnati ce ta aike shi da ta yarda gudunta ya yi.

Da Rasha ta ishe shi yana son dawowa, sai ya tuna yana da uwa. Wasiƙu suka dawo, yana roƙon ta aiko masa da mujallu da littattafai da cingam, ta kuma nema masa masu taimakawa da kuɗin jirgi. Ta yi duk abin da ya ce. Ya sauka Amurka ranar 13 ga Yuni, 1962, da mata da jaririya June, da bashin gwamnati dala 435.71. Suka zauna wajen Robert, sannan wajenta na 'yan makonni. Tun ba a je ko'ina ba ta ce za ta rubuta littafi a kan tafiyarsa Rasha, ya ce ba ta isa ba. Da suka kama nasu gida ta riƙa zuwa ba sallama, da riguna, da kwanuka, da kujerar jariri. Ya hana ta kawowa, ya yi wa Marina faɗa don ta buɗe mata ƙofa. Ta taɓa ganin idon surukarta a kumbure, ta san ɗanta ne, ta ce ita ba ta shiga tsakanin mata da miji. Matar da ke shiga komai, a nan ne kaɗai ta kame bakinta.

A Oktoban 1962 ya koma Dallas bai ba ta adireshi ba. A watan Nuwamba 'yan'uwan uku suka haɗu da iyalansu a gidan Robert don bikin godiya na shekara, babu wanda ya gayyace ta. Tsakanin Fort Worth da Dallas bai wuce tafiyar Zariya zuwa Kaduna ba, amma ta yi fiye da shekara ba ta sa shi a ido ba. A cikin wannan shekara ya yi odar bindiga ƙirar Italiya ta gidan waya da sunan ƙarya, ya harbi Janar Edwin Walker ranar 10 ga Afrilu, 1963, ya kuskure, ya raba takardun goyon bayan Kyuba a titi, ya je Meziko neman biza aka hana shi. Akwai abu ɗaya da ya yi a New Orleans a bazarar nan da yake taɓa mini zuciya. Ya je ya nemo kabarin ubansa, ya ɗauki littafin lambobin waya ya bi masu suna Oswald ɗaya bayan ɗaya har ya dace da matar wani baffansa, ta ba shi hoton uban da bai taɓa gani ba.

Ranar 22 ga Nuwamba Marguerite tana aikin jinyar marasa lafiya a Fort Worth sa'ad da ta ji an ambaci sunan ɗanta, an kama shi a gidan sinima bayan kashe ɗan sanda J. D. Tippit. Abin da ta fara yi shi ne kiran jarida. Ta buga wa Fort Worth Star-Telegram tana neman mai kai ta Dallas, wani matashin ɗan jarida, Bob Schieffer, ya ɗauka, shi da abokin aikinsa suka kai ta. Schieffer, wanda daga baya ya yi suna a tashar CBS, ya sha ba da labarin wannan tafiya. Ya ce ba ta yi zancen shugaban da aka kashe ba, ɗan nata ma kaɗan ta taɓo. Kukanta shi ne jama'a za su tausaya wa Marina su tara mata kuɗi, ita uwa a manta da ita yunwa ta kashe ta. A ranar ne ta san tana da jika ta biyu, Rachel, wadda aka haifa wata guda da ya wuce.

Da dare a gidan Ruth Paine, matar da ta ba Marina masauki, 'yan mujallar Life suka zo, ta ce ba mai magana sai an biya. A daren nan Marina ta nuna mata hoton Lee riƙe da bindiga, ta ce a ɓatar da shi. Kashegari Marina ta ƙona, ita ta zubar da tokar a masai. Ran nan Asabar ta gan shi ta bayan gilashi a ofishin 'yan sanda, da ƙurji a fuska. Ya ce mata kada ta damu, komai lafiya, ya san haƙƙinsa. Ga 'yan jarida kuwa cewa yake yi bai harbi kowa ba, jakar tsaba aka rataya masa. Ganinsu na ƙarshe ke nan. Ranar Lahadi ƙarfe 11:21 Jack Ruby, mai gidan rawa, ya harbe shi a gaban kyamarorin talabijin, ya cika a asibitin Parkland inda Kennedy ya cika.

An yi jana'izarsu rana ɗaya, Litinin 25 ga Nuwamba. Can Washington sarakuna da shugabannin duniya ne suka bi gawa a ƙasa. A maƙabartar Rose Hill ta Fort Worth kuwa, limamin cocin da aka shirya da shi bai zo ba, sai wani Rabaran Louis Saunders ya tsaya. Babu masu ɗaukar makara, 'yan jaridar da suka zo ɗaukar labari su suka ajiye alƙalumansu suka ɗauka. Masu makoki uwa ce, da mata, da wa, da jarirai biyu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda unguwa ke fitowa in an yi rasuwa a garuruwanmu, ko da mamacin ba na kirki ba ne, zai san abin da wannan ke nufi.

Abin da ta kasa samu yana raye ta samu bayan ya mutu, domin yanzu ba shi da ƙafar gudu. An kore ta daga aiki, ta ga an tara wa matar Tippit sama da dala 600,000, ita ba ta sami abin kirki ba. Sai ta mayar da zama uwar Oswald sana'a. Ta ɗauki lauya Mark Lane ya kare sunansa, bayan 'yan watanni suka ɓata. Ta yi kwana uku, 10 zuwa 12 ga Fabrairu, 1964, gaban kwamitin Alƙalin Alƙalai Earl Warren mai binciken kisan Kennedy, tana magana ba birki, tana zargin Marina da jami'an tsaro da haɗa baki, in an ce ta kawo hujja sai ta koma labarin wahalarta. Ta sayar da wasiƙunsa da kayansa, ta yi yawon lacca, tana sa hannu a takarda a matsayin uwar Lee Harvey Oswald. Ga marubuciya Jean Stafford, wadda ta fitar da littafi a kanta a 1966, ta ce ko da ɗanta ne ya yi, mai yiwuwa taimako aka yi wa Kennedy tunda dama ba shi da lafiya, kuma ɗanta gwarzo ne da ya yi wa ƙasa hidima.

Kwamitin Warren a Satumban 1964 ya ce Oswald ne ya yi harbin, shi kaɗai. Kwamitin majalisar wakilai a 1979 ya ce harsasansa ne suka kashe Kennedy, amma mai yiwuwa akwai wani hannu, bisa wata shaidar sauti da masana suka rushe a 1982. Har gobe Amurkawa da yawa ba su gamsu ba. Robert dai, wanda ya fi kowa sanin ƙanensa, ya yarda shi ne, kuma bai sauya ba har ya rasu a 2017.

Marubuta da yawa sun ɗora wa Marguerite jinin Kennedy, suna cewa da ba ta haifar da irin wannan gida ba da ba a yi Dallas ba. Ban yarda da su ba. Ciki ɗaya ya haifi John da Robert, gidan marayu ɗaya suka zauna, masifa ɗaya suka sha, suka yi aure suka riƙe iyali, babu wanda ya ɗauki bindiga ya hau bene. Namiji ɗan shekara 24 mai 'ya'ya biyu shi ke da alhakin abin da hannunsa ya aikata. Amma ban wanke ta ba. Su manyan biyu sun san uba na ɗan lokaci, sun kuma sami juna. Auta ita kaɗai ya samu, kuma abin da ya gada a wajenta a bayyane yake: jin cewa shi na musamman ne, duniya ce ta ƙi ganin darajarsa, kuma laifi kullum na wani ne. Ya tsallaka teku don ya rabu da ita, ya tafi da halinta a ƙirjinsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A 1967 wasu samari suka sace dutsen kabarinsa. Da aka dawo da shi ta ɓoye a ƙarƙashin gidanta, ta sa wani ƙarami a madadinsa. Ta ƙare rayuwarta ita kaɗai a Fort Worth, tsakaninta da John da Robert da Marina babu zuwa babu aike. Ciwon daji ya kashe ta ranar 17 ga Janairu, 1981, tana da shekara 73. An binne ta a Rose Hill, gefen autanta, inda dutsen da ta sa ba ya ɗauke da ranar haihuwa ko ta mutuwa, sai kalma ɗaya: Oswald.